Dodon fim daban, dodon littafi daban

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa malaman adabi ke ta ambaton Frankenstein, littafin da Mary Shelley ta rubuta, alhali kai abin da ka sani shi ne wani ƙaton dodo mai shafaffen kai da ƙusoshi a wuya. Ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru, har ranar da aka ɗora mini koyar da littafin, dole ta sa na zauna na karanta shi daga bango zuwa bango.

Kunyar farko da na sha ita ce gano cewa Frankenstein ba sunan dodon ba ne. Sunan wanda ya harhaɗa shi ne, Victor Frankenstein, ɗalibi ɗan Jeneba da ya tafi karatu Ingolstadt a Jamus. Shi halittar ko suna ba a raɗa masa ba. Kuma ba bebe ba ne. Ya ɓuya a jikin bukkar wasu talakawa, yana leƙensu ta wata 'yar kafa, a haka ya koyi magana da karatu. Da ya haɗu da Victor a kan dusar ƙanƙara kusa da dutsen Mont Blanc, hujja ya kafa masa: kai ka yi ni, daren da na buɗe ido ka tsere, duk wanda ya gan ni sai jifa, to ka yi mini abokiyar zama in bar muku duniyarku. Victor ya fara aikin, ya tsorata, ya wargaza shi. Abin da ya biyo baya shi ne dodon ya kashe aminin Victor, sannan ya kashe amaryar Victor a daren aurensu.

Ajina rabewa ya yi biyu a kan wannan. Wasu suka ce ai dodon ya kashe ƙaramin yaro tun kafin nan, babu uzuri. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, wanda ya haifa ya yar, shi za a fara tambaya." Har aka kaɗa ƙararrawa ba su daina musu ba. A ganina wannan gardamar ce ta raya littafin fiye da shekara 200, tsoratarwar da ke cikinsa kam ba ta taka kara ta karya ba.

Mary Shelley tana da shekara 18 ta fara shi, a 1816, a bakin tafkin Jeneba. Aman wutar dutsen Tambora na Indonesiya a 1815 ya dagula yanayin Turai, ruwa ya tsare ta da abokan zamanta a gida, sai ɗaya daga cikinsu, marubucin waƙoƙi Lord Byron, ya ce kowa ya rubuta labarin fatalwa. Ya fito a 1818, kwafi 500, babu sunan marubuci, har wasu suka zaci mijinta ne ya rubuta. Ka tuna mahaifiyarta ta rasu kwanaki kaɗan bayan haihuwarta, ita ma jaririyarta ta fari ta rasu a 1815. Da na san haka, karatun ya sauya mini ɗanɗano.

Sabon abin da ta kawo shi ne dodo ba tare da aljani ko tsafi ba. Zamanin ne da ake mamakin gwajin masanin kimiyya Galvani, wanda ya sa ƙafar mataccen kwaɗo ta motsa da lantarki. Shi ya sa masana da yawa ke lissafa littafin a matsayin mafarin ƙagaggen labarin kimiyya. Duk fim ɗin da ka gani na mutum-mutumi ko kwamfuta da ta juya wa mai ita baya, jikansa ne. Marubucin ƙagaggun labaran kimiyya Isaac Asimov har laƙabi ya yi wa wannan tsoron da sunan Frankenstein, kuma yau ma da an taɓo ƙirƙirarriyar basira sai ka ji an ambato shi.

Beben dodon da ka sani kuwa, wasan kwaikwayo na 1823 a Landan ne ya fara toshe masa baki, sannan fim ɗin 1931 na kamfanin Universal, da Boris Karloff ya fito a ciki, ya ba shi wannan kan da ƙusoshin. Tsawa da walƙiyar da ke tayar da shi ma ƙarin masu fim ne, Mary ba ta fayyace yadda aka yi ba.

Wanda ya fi burge ni cikin magadansa Balarabe ne, Ahmed Saadawi na Iraƙi. A littafinsa na 2013 wani ɗan gwangwan a Bagadaza yana tsintar sassan jikin waɗanda bama-bamai suka hallaka yana ɗinkewa, don a yi musu jana'iza kamar mutane, sai gawar ta tashi neman fansa. Ya ci babbar kyautar ƙagaggun labaran Larabci a 2014.

In za ka karanta na Mary, ka yi haƙuri da farkonsa. Wasiƙun wani matuƙin jirgin ruwa ne, suna da ɗan gundura, kuma Turancin tsoho ne. Ka daure har inda dodon ya karɓi labarin da bakinsa. Bugu biyu ne suka fi yawo, na 1818 da wanda ta gyara a 1831. Na biyun aka fi samu wurin masu sayar da tsofaffin littattafai, amma ni na farkon na fi so.