Amsa ga ɗan'uwan da ke tsoron a baro shi baya a tafiyar keke

Wallahi ɗan'uwa ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, don abin da kake tsoro shi ya same ni. Ka ce za ku yi kwana ukku bisa keke cikin dajin makiyaya, kai ne mai ƙarancin ƙarfi a tawagar, kana tsoron a baro ka baya, kuma mi za ka ɗauka. To kafin zancen kaya, ka tambaye su waye zai riƙa tafiya a ƙarshen layi, in ba su aje mutum guda don wanga aikin ba kada ka bi su.

Mu tara munka tashi daga Sakkwato da hunturu, shekarun baya tun hanya na lafiya, munka bi Kware da Gwadabawa har Illela, ya ɗan haura kilomita 80 amma kwalta ce, ranar lafiya lau. Rana ta biyu munka saki kwalta munka shiga burtali, nan tsidau ya fara cin tayoyina, faci ukku na yi kafin azahar. A na huɗu gam ya ƙare, famfo kuma yana wurin jagoranmu. Na ƙwala mai kira, wallahi ya waiwayo ya gan ni, ya ɗaga hannu ya ce Malam ka taho a hankali muna jiranka gaba, sunka wuce. Ba su jira ba. Mutumin da ya karɓi kuɗinmu na abinci, ya rantse gaban kowa cewa ba mai barin wani, shi ne da munka haɗu da dare bai ko ce sannu ba sai cewa ya yi ai ni na ja musu lokaci, har yau in na gan shi wurin ɗaurin aure raina ɓaci yake, na yafe amma abin bai fita ba.

Na tura keke cikin rairayi har bayan la'asar, ba sabis a waya, gorar ruwa ta ƙare, leɓena ya tsage, ƙarangiya ta cika min wando. Na zauna gindin aduwa ina ta salati, hannuna na rawa. Wani dattijon Bafulatani da ke kora shanunsa bokolo zuwa rijiya shi ya tsinto ni, na ce Baba ruwa, bai tambaye ni komi ba ya miƙo min goransa, ya kai ni ruga anka dama min fura da nono, ɗansa ya raka ni har garin da abokan tafiyata sunka sauka. Allah ya saka musu da alheri.

Don haka faci da gam da famfo da tib (robar cikin taya) guda biyu su zama a jikin kekenka, ba a jakar wani ba ko da ɗan uwarku ɗaya ne. Ruwa kada ya gaza lita 4, ka ƙulla gishiri da sukari, lita guda ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In kun ci karo da garke ku sauka ku tura, kada a buga ƙararrawa kada a ratsa tsakiya, saniya mai ɗan maraƙi ba ta da wasa, kuma ku yi sallama kafin ku taɓa gugar mutane. Ni abin da ke ba ni haushi yadda yaranmu ke ɗaukar hoton matan ruga ba izini, ba tarbiyya ba ce sam.

Kuma don Allah wace hanya za ku bi? Gefen Isa da Sabon Birni ko Tangaza da Gudu kowa ya san halin rashin tsaro da ake ciki yanzu, ni ban yarda ƙanena ya je ba. Ku fara gaida mai gari duk inda za ku kwana, ku tashi da an sallame asuba, in kuma watan Afrilu kunka sa to ku ɗaga, zafin ya wuce digiri 40. Ka faɗa min hanyar da watan, ina da tib sabo guda da ban taɓa ba sai in aiko maka.