Ina mai zane ke samo abin da zai zana?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni matashi ne a nan Zinder, tun ina lekol nake zane da bik a bayan kaye. Yanzu na fara taɓa fenti amma in na zauna gaban yadi sai kaina ya ɗaure, sai dai in kwafi hoto daga waya. Dan Allah ya kuke tafiyar da yininku a ateliye, kuma ina kuke samo abin zanawa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Toh bari in fara da maganar wayar nan dan ita ce ciwon. Kwafar hoto ba laifi ba ne wajen koyon hannu, amma hoton waya wani ne ya riga ya zaɓa maka haske da kusurwa da komai, kai leburanci kawai kake masa. Shi ya sa ranar da ba hoto sai ka ji wayam. Ba basira ka rasa ba, idonka ne bai saba farauta da kansa ba.

Yinin ateliye kuwa a garin nan ba mai zane ke tsara shi ba, rana da ƙura ke tsara shi. Ni daga an sallame asuba na sha shayi sai shara da yayyafa ruwa a ƙasa kafin in buɗe gwangwani ko ɗaya, dan in ka fara fenti sannan ka yi shara ka gama da aikinka. Duk abin da ya shafi haɗa launi da safe nake yi zuwa wajen sha ɗaya, a inuwa mai haske kusa da ƙofa. Kada ka yarda ka haɗa launi da dare a hasken kwan lantarki ko na tocila in kuran ya tafi, da safe za ka tarar da abin da ka ɗauka ruwan ƙasa ne ya koma wani kore-kore. Da rana ta take, musamman a bazara watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, fentin ruwa irin akirilik yana bushewa a bakin buroshi tun kafin ka kai shi jikin yadi. Dabarar ita ce jiƙaƙƙen tsumma a ƙasan faranti da ka matse launukan a kai, da 'yar kwalbar feshi a gefe, kuma ka riƙa matsowa kaɗan-kaɗan. Ka sani kuma akirilik in ya bushe yana ƙara duhu, dan haka ka haɗa shi ya ɗan fi abin da kake so haske. Shi kuwa fenti na mai, matsalarsa daban, kwanaki yake kafin ya bushe, a hunturu in ka bar shi a buɗe ƙura ta manne masa shikenan, sai ka juya fuskarsa ga bango ka bar ɗan tsakani.

Tsakar rana ta aikin da ba ya son ido ce: ɗaure akoko a firam, shafa masa gam ɗin kafinta da aka tsinka da ruwa, a bi da farin fenti sau biyu ko uku ana gogewa tsakani. Da kuma aikin cefane, wato allon mai aski, na tela, na mai shayi. Kar ka raina shi wallahi, ko da yake masu buga allon talla da inji sun cinye mana rabin kasuwar, allon shago ne ke koya wa hannu jan layi miƙaƙƙe ba rawa.

Yanzu ga inda nake son ka tsaya. Bayan la'asar ɗauki kayenka ka shiga Birni da ƙafa, ba a kabu-kabu ba. Mutane na cewa ba mu da gidan kallon zane irin na Faransa, alhali magina sun bar mana shi a bango. Tsaya gaban tsohon gida guda, a Birni ko a Zango, ka dubi yadda aka tayar da dagi da laka ya fito daga jikin bango, yadda layi ɗaya ke shiga ƙarƙashin ɗan'uwansa ya fito ta sama bai yanke ba, ka gwada bin sa da fensir ka gani in ba za ka ɓata a hanya ba. Dubi zanko a saman soro da inuwar da yake jefawa in rana ta karkata. Inuwar nan a kan jar ƙasa ba baƙa ba ce, ja ce da shuɗi ya shiga cikinta, kuma ranar da ka gane haka da idonka za ka daina zuba baƙi a duk inda ka ga duhu, wanda shi ne ke kashe zanen yawancin masu farawa. Fadar Sarkin Damagaram tana nan tun wajen 1850 zamanin Sarki Tanimu, garin nan shi ne babban birnin Nijar har 1926 da aka koma Yamai, kaga ba yau aka fara ƙawa a nan ba. Ga duwatsun nan da suka hau kan juna a tsakiyar gari, launinsu na safe daban na yamma daban.

Ranar Alhamis leƙa kasuwar Dole, ka zauna gefen dukawa ka ga yadda suke jera jar fata da kore da rawaya ba ɗaya ya danne ɗaya. Hawan Sallah kuma ja da koren dogarai cikin ƙurar dawaki, wannan kam kowa na zana shi har ya fara gundurata, ni na fi son 'yan ga-ruwa da jarkokinsu masu rawaya a layin famfo, dan wannan shi ne Zinder ɗin da muke ciki kullum. In gidanku ba a son hoton mai rai, wannan magana ce ta malamai ka tambaye su, amma ka je wajen masu zayyanar allo ka ga abin da ake yi da tawadar gawayi da ƙaro ba fuska ko ɗaya a ciki.

A waje kar ka tsaya gyara, zane-zanen gaggawa kawai, ka rubuta launin a gefe da kalmomi. Washegari da safe ka baje su ka zaɓi guda, ka yi shi ƙarami a kwali tukuna da ja, shuɗi, rawaya da fari kaɗai kafin ka taɓa yadi. Fenti mai kyau tsada gare shi, galibi daga Kano ko Yamai ake kawo shi, jika nawa za ka ƙona a gwaji? In ka kai rabi ka ji aikin ya yi muni kar ka shafe, kusan kowane zane sai ya bi ta nan, jingine shi ka ja baya taku biyar ka dube shi, ko ka kalle shi ta madubi, karkacewar za ta fito fili. Kuma ka wanke buroshinka da sabulu kafin magariba ka shanya shi a kwance, kar ka bar shi tsaye cikin ruwa gashin zai lanƙwashe.