Wane ne gwanin gwanaye a makaɗan gangunan jaz?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Buddy Rich ne ya fi kowa a cikin makaɗan gangunan jaz, wato kiɗan nan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka, kamar yadda ake yawan faɗa, idan kuma ba shi ba ne, to wane ne. Na shafe kusan shekaru 30 ina sauraron wannan kiɗa, tun zamanin kaset, kuma da farko ni ma a kansa na tsaya, domin saurin hannunsa ba abin musu ba ne. Da kunnena ya nuna, sai na koma auna makaɗi da irin sauyin da ya kawo wa waɗanda suka biyo bayansa.

Da wannan ma'auni, Max Roach nake sa wa a gaba. Kenny Clarke ne ya share hanya a farkon shekarun 1940, a gidan kiɗa na Minton's da ke unguwar Harlem a birnin New York, lokacin da ya ɗauke nauyin riƙe taku daga babbar gangar ƙafa ya mayar da shi kan faifan tagulla, amma Roach ne ya kai abin ga gaci tare da mai busa saksofon Charlie Parker. Ka nemi abin da Roach ya ɗauka tare da mai busa ƙaho Clifford Brown tsakanin 1954 da 1956, za ka ji gangunansa suna rera waƙar da kansu, tamkar kalangu a hammatar wanda ya gaje shi. Har yau idan na kunna, sai na bar abin da nake yi.

Elvin Jones ke biye da Roach, saboda yadda yake jera taku a kan taku a bayan mai busa saksofon John Coltrane daga 1960 zuwa 1966 ba tare da ya ɓace ba. Na uku Art Blakey, wanda ya musulunta ya ɗauki sunan Abdullah Ibn Buhaina, kuma ƙungiyarsa ta Jazz Messengers ta yaye mabusa irin su Lee Morgan da Wayne Shorter. Tony Allen, makaɗin Fela, ya girmama Blakey da faifai guda a 2017. Tony Williams, wanda mai busa ƙaho Miles Davis ya ɗauka yana ɗan shekara 17 a 1963, shi ne na huɗu a wurina, sannan Buddy Rich ya zo na biyar.