Ga mai jinyar mahaifiya da ke fama da cutar mantuwa

'Yar'uwa, kin ce ke kaɗai kike jinyar Mama a Tudun Wada, ta daina gane ki, har tana cewa kin sace mata kuɗi. Barci ya ƙaurace miki, kuka ya yi yawa, kina tsoron ko rashin haƙuri ne.

Sannu, Allah ya ba da lada. Gajiya ce ta cinye ki, kuma duk mai irin wannan jinya yana shiga haka. Cutar tana lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, shi ya sa zargin sata ya zama ruwan dare: za ta cusa kuɗin a ƙarƙashin katifa, ta manta. Kada ki yi musu da ita. Ki ce, "Mama, zo mu duba tare." Rikicewar takan ƙaru wajen magariba, sai ki kunna fitila da wuri, ki kashe talabijin.

Ki tara yayyenki da ƙannenki a raba kwana. Mazan ma uwarsu ce, na nesa ya ɗauki kuɗin magani. Idan rashin barcin da kukan sun haura mako biyu, ki je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, Kaduna, a duba ki ke ma.