Bara ta jijjiga ni, ina zan nufa?

Tambaya: Anti, daga Ƙofar Ƙaura nake. Bara jarina ya karye, Hajiyarmu ta rasu, bacci ya ƙaurace min, abinci ma sai an matsa. Na ɗan farfaɗo amma a gida cewa suke sammu ne.

Amsa: Allah ya jiƙan Hajiya. Ƙanwata wannan ya yi kama da ciwon damuwa, in ya haura sati 2 likita ake gani, ba hauka ba ne wallahi. Je Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina ki nemi likitan ƙwaƙwalwa, addu'a kuma kar ki saki. In an ba ki magani yakan ɗau sati 2 zuwa 6 kafin ki ji canji, kar ki yanke da kanki don kin ji sauƙi. Ki tafi da yayarki, ku yi sammako saboda layin kati.