Lasifikar miliyoyi: abin da na gani cikin shekara 22 a wannan sana'a

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya da dare, na bari sai da na rufe shago na samu natsuwa, domin ba magana ce ta layi biyu ba. Ka ce wani dila a Abuja ya kunna maka tagwayen lasifika har tsigar jikinka ta tashi, ya yi maka kuɗinsu naira miliyan 14 ban da amfilifaya (na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa lasifika), kana tambaya ko sun ci kuɗinsu ko suna kawai ake saya. Na ga wasu sun ce maka almubazzaranci ne, wasu kuma sun ce in Allah ya hore maka ka saya kawai. Ni shekarata 22 ina gyaran kayan sauti da ba da hayarsu a Sabon Garin Zariya, na buɗe cikin lasifikun naira dubu ashirin, na kuma taɓa buɗe cikin waɗanda kuɗinsu zai sayi fili a Hanwa. Abin da zan faɗa maka daga nan na samo shi.

Da farko dai, kada kowa ya ce maka duk lasifika ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce. Abin da ka ji a shagon nan gaskiya ne, ba sihiri dilan ya yi maka ba. In ka kwance bayan mai araha za ka tarar da katako siriri, ka ƙwanƙwasa shi ya amsa kamar ganga, kuma wannan amsawar tana shiga cikin duk abin da ka kunna. Mai tsada kuwa akwatinta kauri gare shi, an tokare shi ta ciki, ka ƙwanƙwasa ka ji kamar ka bugi bango. Kurosoba, wato allon da ke raba sauti ya tura mai kauri ga wufa, siriri ga tuwita, a mai araha wani lokaci kafasita ɗaya ce tak aka liƙa da gam. A mai kyau an zauna an yi lissafinsa, an auna, an sake aunawa. Wannan aiki ne, kuma kunne yana jin sa. Sayen nagari mayar da kuɗi gida, ban musa ba.

Inda matsalar take shi ne kuɗi da kyau ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa har ƙarshe. Daga ta kasuwa zuwa matsakaiciya ta kamfani mai mutunci, tazarar kamar daga Zariya zuwa Kano ce, kowa zai ji. Daga matsakaiciyar zuwa ta miliyan 14, tazarar kamar daga Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada ce, amma kuɗin motar ya ninka sau goma. Ragowar kuɗin yana tafiya ne a fenti mai sheƙi, da katakon ado, da cewa 'yan kaɗan ake ƙerawa, da ribar dila, da jirgi da kwastan. Ga kuma dala: kafin tsakiyar 2023 ana lissafinta a hukumance naira 460 da ɗoriya, a farkon 2024 ta haura 1,500. Lasifikar da ba a canza mata ko kusa ɗaya ba ta ninka kuɗi sau uku a hannunmu. A duniya ma abin ba shi da rufi, kamfanin Wilson Audio na Amurka ya fitar da wata da kuɗinta ya haura dala 600,000. Ba wanda zai rantse maka cewa ta fi ta dala 6,000 daɗi sau ɗari.

Bari in ba ka labarin da ya sa na daina yi wa mutane saurin cewa su saya.

Shekarun baya wani Alhaji ya aiko direbansa ya ɗauke ni zuwa gidansa a GRA. Ya sayo manyan lasifiku daga Dubai, tsayinsu ya kai ƙirjina, mutum biyu ne suke ɗaga guda ɗaya. Ransa a ɓace, ya ce an cuce shi, a can da aka kunna masa kamar mai karatun yana gabansa, a nan kuwa magana ma ba ta fita. Na shiga falon. Tayil tun daga ƙofa har bango, silin na POP, gilasai manya ba labule sai 'yan siraran nan na ado, tebur na gilashi a tsakiya, lasifikun kuma an manna su a kusurwa biyu don kada su tare hanya. Ban taɓa waya ko ɗaya ba. Na tsaya a tsakiyar falon na tafa hannu sau ɗaya. Ƙarar ta yi ta yawo tana dawowa kamar a cikin masallacin da ba a shimfiɗa komai ba. Na ce, "Alhaji, kayanka lafiyarsu ƙalau, ɗakin ne ba shi da lafiya."

Bai yarda ba, kuma ban ga laifinsa ba. Na roƙi a kawo min duk kafet da bargon da ke gidan. Muka shimfiɗa babban kafet tsakanin kujerarsa da lasifikun, muka rataya barguna a kan gilasan da igiyar shanya, muka fitar da teburin, na jawo lasifikun kamar taku uku daga bango, na ɗan karkato fuskarsu ga kujerar, na auna da igiya har nisan da ke tsakaninsu ya zo daidai da nisan kowace zuwa inda zai zauna. Na sa masa karatun da ya saba ji. Ya yi shiru har aka kai aya ta biyar ko ta shida, sannan ya ce, "Yanzu na ji numfashinsa." Abin da ya kashe daga baya a labule mai kauri da kafet bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na kuɗin lasifikun ba.

Dalilin a fili yake. In ka zauna a falo, yawancin abin da ke shiga kunnenka ba kai tsaye daga lasifika yake zuwa ba, ya bugi bango da ƙasa da silin ne ya dawo. Bes kuma, wato sauti mai kauri, ya fi kowa rigima. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, saboda haka ɗakinmu na gargajiya, ƙafa 12 da ƙafa 12, yana kumbura sautin da ke wajen 47 Hz (wato mai kaɗawa sau 47 a daƙiƙa), kuma da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, kumburin ninki biyu ne. Shi ya sa za ka ji wani bugun yana girgiza taga, wani kuma ya ɓace gaba ɗaya, in ka matsa taku biyu lamarin ya juye. Ba kuɗin da zai sa lasifika ta tsallake wannan. Shagon dilan nan da ka shiga, ka tuna da kyau, na tabbata akwai kafet, akwai abubuwa masu taushi a bango, kuma kujera ɗaya ce ya zaunar da kai. Ɗakin ma yana cikin abin da ya tayar maka da tsigar jiki, shi kuwa ba za a sa maka shi a kwali ba.

Akwai kuma ido. Mu Hausawa mun ce gani ya kori ji, to a wannan harkar haka yake faruwa a zahiri, kuma cuta ce. Wasu masana sauti biyu, Floyd Toole da Sean Olive, sun gwada wannan a kamfanin Harman, mai JBL, suka fitar da sakamakon a 1994. Sun sa mutane sun ba lasifiku maki suna ganinsu, sannan suka sake a bayan labule. Da ana gani, manya masu sheƙi masu tsada suka yi nisa. Da aka sa labule tazarar ta ragu sosai, ƙaramar mai araha ta ɗago, kuma inda aka ajiye lasifikar a ɗaki ya koma yana canza makin fiye da yadda ya yi da ana kallo. Na gwada irin wannan a shagona da yarana, da zanin gado muka yi labulen. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne duk wadda ta ɗan fi ƙara, ko da kaɗan ne, ita kowa yake zaɓa. Sai da muka daidaita ƙarar sannan gaskiya ta fito. Ka riƙe wannan, domin lasifiku ba su da ƙarfi ɗaya a wat ɗaya: wata tana ba da desibel 86 (ma'aunin ƙarar sauti ke nan), wata 90, kuma kowane ƙarin desibel 3 sai ka ninka ƙarfin amfilifaya kafin ka same shi. In mai sayarwa ya sauya daga wannan zuwa waccan bai taɓa maɓallin ƙara ba, ba gwaji ya yi maka ba.

Sai me za ka riƙa saurare? Wannan ban ga ka faɗa ba. In faifai ne mai kyau ko fayil da ba a matse ba, lasifika mai kyau za ta saka maka. Amma in yawancin abin da ke wayarka waƙoƙi ne da wa'azin da aka yi ta turawa a WhatsApp, ka sani CD yana ɗauke da bayanan sauti kilobit 1,411 a daƙiƙa, MP3 ɗin da ke yawo a kasuwa sau da yawa 128 ne ko ƙasa da haka. Lasifika mai tsada ba ta gyara sauti, tona shi take yi. Tsofaffin kaset ɗin kalangu da kukuma da nake ji tun ina yaro sun fi min daɗi a matsakaiciya, domin babbar tana fito da duk shuuu ɗin kaset ɗin ta ajiye min a gaba.

Abin da ya fi ci min rai kuwa, wanda masu rubutu daga Turai ba sa kawowa saboda ba su san shi ba, shi ne wuta da yanayinmu. Na taɓa tara kuɗin kusan shekara biyu na sayi tagwayen lasifikar situdiyo masu amfilifaya a ciki, don kaina, ba don haya ba. Wata rana da yamma aka dawo da wuta da ƙarfi ina tsakar sauyawa daga janareta, na ji ɗas, sai warin ƙuna. Allon wutar guda ɗaya ya tafi. Na nemi kayan gyaranta a Kaduna da Kano har Alaba ban samu ba, sai da na yi wata bakwai kafin wani ya zo min da shi daga waje. Har yau in na tuna warin nan raina yana sosuwa. Kai da za ka zuba miliyoyi, ka tambayi dilan tun yanzu: in tuwita ta ƙone, a ina zan samu irinta, kuma cikin wata nawa? In ya fara kame-kame ka san amsar. Ka kuma sa kuɗin inbata mai tsabtar wuta ko sitabilaiza ta kirki cikin lissafinka tun farko, kuma in kayan daga Amurka aka kawo ka duba bayansu, da yawa na wuta mai ƙarfin bolt 120 ne, tamu kuwa 230 ce.

Hunturu ma yana da nasa. Ƙura tana shiga ta ramin bes ta zauna, wani lokaci har tsakanin koyil da maganaɗisu, ka ji tana ƙar-ƙar in ka danna kwanon wufar a hankali. Zafin Maris da Afrilu kuma yana cin soson da ke zagaye da bakin wufa. Sau nawa aka kawo min ta gwanjo mai kyan gani, na shafa gefen da yatsa ya ruguje kamar busasshen ƙuli-ƙuli. In gefen na roba ne ya fi jure mana. Wannan ba yana nufin ka guji ta hannu ba, da tsohuwar zuma ake magani, kuma lasifika mai kyau da ta shekara goma sha biyar a ɗakin wani tana iya zuwa maka a kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta. Ka dai je da wanda ya san abin da zai duba.

Wayoyin haɗi masu tsada kam kada ka ko saurara. Tagulla ta gaskiya mai kaurin 2.5mm² ta ishe ka a falo, ka dai kankare bakinta ka tabbata ba alminiyan aka shafa wa ja ba. Haka lambobin nan na wat dubu biyar da ake rubutawa da PMPO a kwali, ba su da ma'ana, lambar RMS ake dubawa, ita ce ke nuna ƙarfin da kayan ke iya ɗorewa a kai.

To wa ya kamata ya saya? Na san mutum biyu ko uku a garin nan da zan ce kuɗinsu bai tafi a banza ba. Suna da ɗaki na musamman, suna zama su kaɗai bayan isha'i su saurara, ba hira, ba talabijin, sun shekara da shekaru suna hawa daga ƙarama zuwa babba har kunnensu ya san abin da yake nema. Irin wannan mutum in ya biya ninki biyar don ƙarin ɗan kaɗan, ya san me ya saya, kuma ina girmama shi. In kuwa falon iyali ne, yara suna shiga da fita, baƙi suna zuwa, fanka tana juyawa, janaretan maƙwabci yana ruri, wannan ɗan kaɗan ɗin da ka biya miliyoyi dominsa ba zai iso kunnenka ba. Kuma kunnen kansa yana da iyaka. Yaro yana ji har wajen 20,000 Hz, amma da shekaru saman yana zaizayewa. Ni da na yi rayuwata kusa da lasifikun biki, kunnena na hagu ya riga ya yi rauni, shi ya sa nake hana yarana tsayawa gaban akwati in ana taro.

Da ni ne kai, ƙanena, zan ware kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na kuɗin nan in sayi matsakaita daga kamfanin da ya san aikinsa, irin su KEF ko Wharfedale ko JBL ko Yamaha, in haɗa da amfilifaya daidai su, in gyara wuta, in gyara ɗaki, in zauna da su shekara guda. In bayan shekarar har yanzu akwai abin da kunnenka ke nema kuma kana iya faɗin sunansa, ka koma Abuja. Ka tafi da abin da ka saba ji a filashinka, ba wanda dilan ya zaɓa ba, ka sa da muryar mutum zalla a ciki, domin ita kunne ya fi sani. Ka ce ya jera maka ita da wadda ba ta kai rabin kuɗinta ba, a daidaita ƙara da manhajar auna sauti ta waya, ka juya baya ko ka rufe ido, wani ya riƙa sauyawa ba tare da ya faɗa maka ba, sau goma. In ka gane ta sau tara kuma ita ka fi so, ka roƙi a kawo ta gidanka a gwada kafin ka biya.

Ka turo min tsawo da faɗin falon naka da tsayin silin, ka faɗa min tayil ne ko kafet, da inda tagogi suke, da irin abin da ka fi saurare. In ka shigo Sabon Gari kuma ka biyo ta shago da filashin, zanin gadon nan yana nan, mu rataya shi ka ji da kunnenka.