Karatun kula da albarkatun ƙasa a jami'a: akwai aiki bayansa?

Ka tambaya ko karatun kula da albarkatun ƙasa yana kai mutum ga samun aiki, ko kuwa ɓata shekara biyar ne kawai. Yana kaiwa, sai dai a Najeriya galibi za ka sami wannan karatu ne a sashen gandun daji da namun daji na tsangayar aikin gona, kamar yadda yake a Jami'ar Bayero ta Kano, kuma masu ɗaukar ma'aikata sun haɗa da ma'aikatun muhalli na jihohi, da hukumar da ke kula da manyan gandayen daji irin su Gashaka Gumti, da masu aikin dashen itatuwa don tare kwararowar hamada.

A iya abin da na gani, takardar digiri kaɗai ba ta wadatarwa. Wanda ake nema shi ne wanda ya yi shekarar aikin fili (shekarar da ɗalibi ke koyon aikin a aikace) da gaske, ya iya renon dashe a leda har faɗuwar damina, ya iya auna kaurin bishiya, ya kuma iya zana taswirar daji da kwamfuta. Idan ba ka jure zafin rana da zaman ƙauye, gara ka sake shawara kafin ka cike fom ɗin JAMB.